Rakiya daga Bakin Teku har Filin Jirgi

Murja ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunta ba. 'Yar Funtuwa ce ta bayan kasuwa, kuma tun tana yarinya idan aka yi ruwan sama kwata ta cika, tsayawa take yi ƙiƙam sai wani ya ɗauke ta ya tsallakar. Wannan matar ce ta wayi gari a Alƙahira ta ce sana'ar da ranta ke so ita ce tura mutane aiki tsakiyar teku.

Aure ne ya kawo ta ƙasar Masar. Mijinta Malam Iliya ya samu gurbin karatun fiƙihu, ya ce mata shekara huɗu za su yi su koma gida. Ana shekara ta goma sha uku ke nan. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, amma idan aka aike shi sayen tumatir da littafi yake dawowa, ya kuma yi mamakin yadda aka ɓata rai. Suna zaune a Giza, hawa na shida a benen da ba shi da lif, ɗaki biyu, ɗaya nasu ɗaya na littattafai.

Murja ta ga in ta zauna jiran fiƙihu ya dafa tuwo za a kwana da yunwa. Maƙwabtanta matan Sudan ne masu neman aikin gida, can kuma a unguwar Muhandisin akwai manyan gidaje masu neman hannu. Sai ta shiga tsakani. Ta san wace Madam ce ke ƙirga ƙwai a firji, wace ce ke ihu da safe ta ba da kyauta da yamma. Ta san wace 'yar aiki ce ke da hannun girki, wace ce ke da bakin da zai raba gida. Shekara goma sha ɗaya tana wannan zirga-zirga, ofishinta jakar hannunta ce da wata waya mai tsagaggen gilashi. Ana samun na cefane, ba ta musa ba. Abin da ke cin ranta shi ne a gidan suna in baƙuwa ta tambayi me matar Malam ke yi, kafin ta buɗe baki wata ta riga ta amsa cewa kai 'yan aiki gidaje take yi, da irin muryar da ake cewa wane yana sayar da gawayi.

A gidan wata Bamisiriya da ta kai wa mai girki ta fara jin labarin jiragen. Sunan matar Madam Samah, tana da ofis a Ma'adi mai ɗaki biyu da na'urar sanyi, kuma aikinta samo wa jiragen shaƙatawa na masu kuɗi ma'aikata: masu girki, masu gyaran ɗaki, masu kai abinci, masu jan igiya. Jirgi ne mai hawa uku ko huɗu, fari tas, ba ya ɗaukar kaya, ba ya kamun kifi, ba ya kai kowa ko'ina. Mai shi ya hau da baƙinsa, a zagaya, a dawo inda aka taso, a ce an huta. Ga teku ta kewaye su ta ko'ina, amma sai da suka yi wa kansu ɗan tafki a saman jirgin. Murja ta ji haka ta ce lallai waɗannan mutane suna bukatar mai kula da su.

Wata shida tana bin Madam Samah. Ta kai mata dambun nama, ta samo mata mai guga, ta raba ta da wani direba mai satar mai. A ƙarshe matar ta gaji ta ce akwai wani kyaftin Bature a Gardaƙa, bakin Jar Teku, yana neman namiji mai kai wa baƙi abinci. Mutum biyu ta tura masa, babu wanda ya yi mako biyu.

"Ki kawo mutum ɗaya, ya Murja," in ji ta. "Idan ya cika kwana talatin a jirgin, teburin nan na kusa da taga naki ne, a rubuta sunanki a ƙofa ƙarƙashin nawa. Idan ya gaza ko da kwana ɗaya ne, halas, shi ke nan, ki koma Muhandisin, kuma kada ki sake kawo mini dambu."

Murja ta ce tamam, ta yarda.

A wannan sana'a masu neman aiki takarda suke turowa wadda mutum ya zauna ya yabi kansa a ciki, ya manna hotonsa yana murmushi. Murja ta karanta guda bakwai ta ture. Ta ce ita a garinsu wanda ya yabi kansa haka ƙofa ake rufewa in ya shigo unguwa. Abin da take so ta sani shi ne ko cikin mutum zai zauna idan ƙasa ta ƙi zama, kuma ba ta da teku a hannu. Amma tana da mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya ta garin. Akwai wani direba a layin Giza zuwa Ramsis da ke tuƙi kamar an gaya masa gidansa na cin wuta. Sai ta riƙa zaunar da mai neman aiki a kujerar ƙarshe, ta ɗora masa tire da kofin shayi uku cike, ita kuma ta zauna gaba tana kallonsa ta madubi.

Na farko wani ɗalibi ne mai suna Ukasha. Kafin a kai gada ya juye shayin a cinyar wata tsohuwa, tsohuwar ta bi danginsa da addu'a ɗaya bayan ɗaya har aka sauka. Na biyu da ya ga mota ta fara rawa sai ya shanye kofi ukun, ya miƙo tire a bushe yana cewa ko ɗigo bai zube ba. Murja ta ce masa zai yi nisa a duniya, amma ba ta hannunta ba.

Na uku shi ne Hamad. Magidanci ne ɗan shekara talatin da takwas, daga Mai Wurno a ƙasar Sudan, cikin Hausawan nan da kakanninsu suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. Kakarsa ce ta raine shi, ita kuwa ladabin da aka zo da shi daga gida shekara ɗari da suka wuce ta riƙe shi yadda yake, ko ƙura ba ta bari ta taɓa ba. Hamad ya yi shekara tara yana kai abinci tebur a gidan wani ɗan ofishin jakadanci, don haka yana da Turancin da zai ishe shi. Iyo kuwa tun yana tsirara yake yi. Suka isa Ramsis da kofi biyu cike fal. Na ukun ya ba wani dattijo da ke gefensa ne, don ya ga yana tari.

Aka tura shi Iskandariyya mako biyu ya koyi kashe gobara da saka rigar nan da ke hana nutsewa. Da ya dawo Murja ta zaunar da shi kwana uku tana karanta masa dokoki. Kada ya tsuguna in zai gaida baƙo. Kada ya tambaye su ina kwana ina gajiya yaya iyali yaya mutanen gida, gaisuwa ɗaya tak, ita ma gajera. In mace ta ci loma biyu ta ajiye cokali, ta ƙoshi ke nan, kada ya ƙara mata ya ce ba ta ci komai ba. In ya ga wata ta fito da kayan da ba su kai hankici ba, kada ya ɗauko mata zanen gado, sama zai kalla. Ta bi komai, har yadda ake atishawa. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, don bai zo mata a rai cewa abin faɗa ba ne, kamar a ce a koya wa mutum ƙifta ido.

Hamad ya tafi. Kullum bayan sallar asuba Murja ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a gwangwani. Mako na farko shiru. Mako na biyu kyaftin ya aiko wa Madam Samah cewa mutumin ba laifi, wanda a bakin wannan kyaftin daidai yake da guɗa. Murja ta fara wucewa ta gaban shagon masu rubuta suna a allon ƙarfe tana rage tafiya.

Ranar da ƙwallo ya zama ashirin da shida, wajen azahar, Madam Samah ta kira. Hamad ya ɓata. Tun safe ba a gan shi ba. Takalmansa na nan, wayarsa na kan gado, fasfonsa na hannun kyaftin. An sauke ƙananan jirage an zagaya, an leƙa ƙarƙashi, an sanar da masu gadin tasha. Murja ta zauna a kan buhun shinkafa ba ta san ta zauna ba. Abin da ya fara zuwa mata shi ne fuskar Bakhita matar Hamad, da ta kawo mata turaren wuta na godiya. Malam Iliya ya fito daga ɗakin littattafai, ya ji abin da ya faru, ya yi salati, sannan don ya kwantar mata da hankali ya fara jero mata maganganun malamai a kan shekara nawa matar wanda ya ɓata za ta jira. Ta ce masa, a hankali, in bai mayar da littafin nan ba za a samu mutum biyu da suka ɓata yau.

Suna haka wata baƙuwar lamba ta shigo. Hamad ne, da wayar wani direba. Ya gaishe ta, ya tambayi Malam, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi. Sai da ta katse shi ya ce yana filin jirgin saman Alƙahira, kuma in babu damuwa a taho masa da takalmi.

Ta same shi zaune a gefen titi cikin fararen kayan aiki, ƙafa ba takalmi, don a jirgin ba a taka katako da takalmi, da oba-oba a ƙugu da ta daina magana tun da sassafe. Ta ajiye masa silifas ɗin Malam a gabansa.

"Malam Hamad, me ya kawo ka Alƙahira?"

"Rakiya, Yaya."

"Daga Gardaƙa."

"Bai ce in koma ba."

Ga yadda aka yi. A cikin baƙin jirgin akwai wani tsohon Bature, surukin mai jirgin ne, ya yi kwana goma kuma Hamad ne ke kai masa shayi yana jin labarin gwiwarsa. Da safen nan ya tashi tafiya. Ba ya son ƙananan jiragen sama, don haka aka samo masa mota ta kai shi Alƙahira, tafiyar awa shida. Hamad ya ɗauki jakarsa ya taka masa. To kowa ya san yadda ake yi. Mai gida ya raka, baƙo in ya ga an ɗan yi nisa ya ce to koma haka nan, a ce a'a bari mu kai kwanar can, ya ce wallahi ka koma, a yi sallama. Rabin aikin na mai gida ne, rabi na baƙo. Bature bai san yana da rabo a ciki ba.

A ƙarshen 'yar gadar da ake takawa a sauka daga jirgi Hamad ya rage tafiya, tsoho ya riƙe masa gwiwar hannu ya ci gaba da bayanin likitansa. A ƙofar tasha Hamad ya tsaya ya ce "To," da irin jan da ko kurma zai gane. Tsoho ya ce tabbas, ya ci gaba. A bakin mota Hamad ya saka jaka, ya buɗe ƙofa, ya tsaya yana jira. Tsoho ya shiga, ya matsa, ya bubbuga kujera da hannu. Hamad ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa juya wa dattijo baya yana tsakiyar magana ba, sai ya shiga da niyyar a kai titi na gaba. A Ras Garib suka tsaya shan shayi, ya ce wa tsoho, Baba, an yi nisa fa. Tsoho ya duba hanya ya ce ƙwarai an yi nisa, kuma da sauran tafiya. Shi a zatonsa jirgin ne ya ba shi ɗan rakiya, har yana yaba tsarin kyaftin. Haka suka ratsa hamada, kowa na yi wa ɗan'uwansa kara, har ƙofar filin jirgi inda ake neman tikiti.

"A nan ya sallame ka ke nan," in ji Murja.

"Hannu ya ba ni ya shige. Ɗan sanda ne ya ce in koma."

Murja ta ɗaga jakarta don ta maka masa, ta sauke. Makon da ya wuce ita kanta ta raka wata maƙwabciya mai surutu hawa shida zuwa ƙasa, daga nan har tashar metro, da ludayi a hannu. Ba ta gaya masa wannan ba. Ta dai ce ya saka takalmi.

Ta kira Madam Samah ta ce an ga mutum, da ransa. Madam ta yi hamdala, sannan ta ce kyaftin ya ce ba ya son sake ganin fuskarsa. Jirgin ya tashi zuwa Suwes, gobe da hantsi zai ɗauki sababbin baƙi ya ratsa mashigin ruwan da ke can. Kyaftin na son wani mutum kafin lokacin, ita kuwa ba ta da kowa mai takardu a hannu. Ta ce ma'alish, sai haƙuri ya Murja, amma magana magana ce, ashirin da shida ba talatin ba ne. Murja ta ce a ba ta safiyar gobe kawai. Madam ta ce ta ɗauka, ai ba a sayar da safiya.

Hamad ya kwana a tsakanin littattafan Malam. Da gari ya waye suka hau mota zuwa Suwes.

A nan Murja ta fara ganin jirgin da idonta. Ya fi masallacin unguwarsu a Funtuwa tsawo. Tsakaninsa da ƙasa ga 'yar gadar nan siririya, ƙarƙashinta ruwa baƙi yana motsi. Wani ma'aikaci ya ce kyaftin na sama, ta hau. Ta dubi gadar, ta dubi ruwan, ta gyara mayafi ta ce a gaya masa a ƙasarsu mace mai daraja ba ta hawa wurin namiji, shi ke saukowa. Hamad ya buɗe baki zai ce bai taɓa jin wannan ba, ta taka masa ƙafa.

Kyaftin ya sauko, dogo, fuska jajir kamar an shafe ta da manja. Ya fara tun daga saman gada. Awa biyu ana neman gawa. Ƙananan jirage biyu a ruwa. Masu gadin tasha sun yi masa tambayoyi kamar shi ya jefa mutumin. Shekara ashirin da biyu yana teku bai taɓa ganin ma'aikacin da ya fita da jaka ya ɓulla a wani birni ba. Murja ta naɗe hannu ta bar shi. Wannan a gidajen Muhandisin ta koya: mai ihu kamar buta ne, a bar shi ya tsiyaye, in aka ji ya fara ɗiga sai a yi magana. Da ya fara ɗiga ta tambaye shi, da Turancinta na sakandare, ko a kwana ashirin da shida Hamad ya fasa kofi ɗaya. Ya ce a'a. Ko wani baƙo ya kawo ƙara. Ya ce a'a. Ko yana da wanda zai kai wa baƙin da ke zuwa nan da awa ɗaya abinci. Ya dubi agogo.

Ya ce zai karɓe shi da sharaɗi ɗaya: ya yi alkawari a gabansa cewa ba zai sake sa ƙafa a kan gadar nan a bayan baƙo ba. Murja ta ji sanyi har cikin ƙashi. Ta juya wurin Hamad, tana murmushi, ta ce masa da Hausa ya amsa da tamam a wuce wurin.

Hamad ya sunkuyar da kai. Ya ce ba zai iya ba.

"Baƙo ya ci ya sha a hannuna, ya tashi tafiya in tsaya ina kallon ƙeyarsa? Yaya, ba haka aka raine ni ba. In na ce na yi alkawari ƙarya na yi, kuma ke za ki ji kunya daga baya."

Ta ce masa tana jin kunyar tun yanzu. Ta kawo shawara cewa kyaftin ya riƙa tsayawa a bakin gada, in an yi taku uku ya ce masa koma haka nan. Hamad ya ce ai kyaftin ba baƙo ba ne, mai gida ne, shi ma da ya san daidai da rakiyar zai yi. Wannan Murja ba ta fassara ba. Ta ce wa kyaftin to a riƙa gaya wa baƙi tun ranar da suka hau cewa in za su tafi su ce da Hamad ya koma. Kyaftin ya ce mutanen da ke hawa wannan jirgi ba a ba su aikin gida. Ya ce minti goma ya rage mata, ya fara taɓa waya.

Murja ta tsaya a tsakanin mutum biyu, kowanne da kai kamar turmi, tana ganin teburin kusa da taga yana tafiya. Sai ta tuna uwarta. Uwarta ba ta taɓa saɓa ladabi ba, amma kuma ba ta taɓa raka Hajiyar gidan gaba ko taku biyar ba, matar da in ta kama ka da labari sai la'asar. Da ta ji matar ta fara cewa bari in tashi, sai ta zame ta ɗora wani abu a murhu, ta leƙo daga madafa ta ce da na taka miki amma na ɗora girki. Shekara talatin babu wanda ya ga laifinta.

"Malam Hamad, kakarka in baƙo zai tafi tana da abu a kan wuta, yaya take yi?"

Ya auna maganar kamar wanda aka yi wa fatawa. Ya ce daga bakin ƙofa take ba da haƙuri ta yi addu'a, baƙo kuma ya ce ba komai. Amma fa sai in da gaske akwai abu a wutar. Ba ta yi da tukunya ba komai, kuma ba ta yi da abin da zai iya jira kamar wake.

"Madara fa?"

"Madara ba a juya mata baya, Yaya. Kowa ya sani."

Murja ta juya wurin kyaftin ta ce magana ta ƙare. Duk ranar da baƙi za su sauka, da zarar an fito da jakunkuna, a tura Hamad kicin a ce ya tafasa madara. Ba zai bar ta ba ko jirgin zai nutse. Kyaftin ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Ya tambaya wa zai sha madarar. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce shi, daga ganin idonsa ba ya samun barci. Ya tsaya yana kallonta har ta fara tunanin ko za a kira mata 'yan sanda. Can ya juya wurin mataimakinsa ya tambaya ko akwai madara a jirgin. Aka ce akwai kwali goma sha biyu.

Saura jiya. Ta tambayi me zai gaya wa Madam Samah game da ranar, ya ce zai rubuta mutumin bai zo aiki ba. Ta ce to sai ya rubuta wa mai jirgin ma cewa surukinsa ya yi tafiyar awa shida a hamada da wani mai gudun aiki, bayan tsohon yana can yana gaya wa kowa kyaftin ya ba shi ɗan rakiya na musamman. Kyaftin ya yi wata magana a yarensu da ba ta nemi fassara ba. Ya ce ranar za ta shiga a kan an tura shi aiki.

Hamad ya cire silifas ɗin Malam ya miƙa mata da hannu biyu. Ta saka a jaka ta juya za ta tafi, sai ta ji takun ƙafa a bayanta. Ba ta ko waiwaya ba ta ce masa koma haka nan, wallahi ka koma. Ya koma.

Kwana uku da suka biyo baya Murja ba ta yi girkin kirki ba, Malam ya koma cin burodi da wake. Ranar ta talatin jirgin ya tsaya a wata tasha can bayan mashigi, baƙi suka sauka. Mataimakin kyaftin ya ɗauki abin a waya ya turo wa Madam Samah, ita kuma ta kira Murja ofis don su gani tare. Ga baƙi shida suna sauka da tabarau da huluna. Daga wata 'yar taga mai zagaye a ƙasan jirgin ga rabin fuskar Hamad, ido ɗaya a kan baƙi ɗaya a kan tukunya, yana ba su haƙuri da Turanci cewa da ya taka musu amma ya ɗora madara, yana ƙara musu da Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida. Baƙin suka ɗaga wa tagar hannu ba su san da wa suke yi ba. A sama kuma ga kyaftin da kofi a hannu, fuska a murtuke, yana jira.

Madam Samah ta kalla sau biyu. Ta ce a ƙasan saƙon kyaftin ya ce Hamad zai ci gaba da aiki har ƙarshen zangon bana, kuma in akwai wasu biyu irinsa a turo. Sannan ta tashi ta kwashe tarin takardun da ke kan teburin kusa da taga ta zuba a ƙasa, ta ce yalla, maza zauna.

Murja ta zauna. Ta jawo takardar tambayoyin da ofishin ke ba masu neman aiki, ta karanta daga sama har ƙasa: suna, shekaru, tsawo, harsuna, ko akwai zane a jiki. Ta ari biro ta ƙara layi ɗaya a ƙarshe, wa ya raine ka. Madam ta leƙo ta tambayi amfaninsa. Murja ta ce in mutum ya rubuta kaka, sai a gaya wa jirgin ya ƙaro madara.